Ciwon Ƙugun da Aka Ɗauka Tarin Fuka Ne: Nazarin Lamarin Wani Mai Cutar Burusela a Kano

An turo mana wani magidanci mai shekara 46, ɗan kasuwar atamfa da shadda a cikin birnin Kano, tare da takardar da ke cewa yana fama da tarin fuka na ƙashin baya, kuma an dakatar da maganinsa saboda hantarsa ta fara nuna alamun illa. Abin da aka nema daga gare mu shi ne mu tsara yadda za a mayar da shi kan maganin ba tare da an ƙara taɓa hantar ba. Kafin mu kai ga wannan, sai da muka koma kan tambayar da takardar ta ɗauka an riga an amsa ta, wato ko tun asali tarin fukan ne ke damunsa.

Rashin lafiyar ta faro kimanin wata 7 kafin zuwansa, da zazzaɓin da ke taso masa bayan la'asar, da jin sanyi, da kasala, da gumin dare mai jiƙa riga da matashin kai har sai ya tashi ya sauya. Zazzaɓin kan yi mako biyu ko uku, ya lafa har ya koma kasuwa, sannan ya sake dawowa. Ya sha maganin maleriya daga kemis fiye da sau ɗaya. Daga baya aka yi masa gwajin Widal a wani ɗakin gwaji, aka ce taifot ne, aka ba shi siprofuloksasin, ya ji sauƙi na ɗan lokaci. Gwajin Widal guda ɗaya a gari irin Kano, inda mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar taifot ko danginta, ba hujja ba ce da za a gina hukunci a kanta. Shi kuma siprofuloksasin yana iya danne ƙwayar burusela, wata cutar dabbobi da ke kama mutum, na wani lokaci ba tare da ya kawar da ita ba, don haka sauƙin da ya samu ya ƙara ƙarfafa zaton da ba shi ne daidai ba.

A wata na uku ciwon ƙugu ya shigo. Da farko ya ɗora laifin a kan ɗaga dilolin kaya a shago, ya je wanzami ya yi masa ƙaho, ya sha magungunan kashe zafi. Ciwon ya ci gaba har ya kai ba ya iya ruku'u, sai ya koma yin salla a zaune, kuma kwanciya ba ta rage masa shi, hasali ma da tsakar dare ya fi tsananta. A wani asibiti aka ɗauki hoton ƙashin bayansa, aka ga tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa biyu na ƙugu ta matse, aka haɗa wannan da rama da gumin dare, aka ɗora shi kan magunguna huɗu na tarin fuka: rifamfisin, isoniyazid, pirazinamaid da etambutol. Cikin 'yan makonni zazzaɓin ya sauka. A mako na shida ya fara amai, idanunsa suka yi ɗorawa, aka dakatar da magungunan, kuma ba a rufa mako uku ba zazzaɓin ya dawo.

Ba na ganin wanda ya fara wannan magani ya yi ganganci. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya, kuma likitan da ya ga rama da gumin dare da ƙashin baya mai lalacewa bai yi tunanin tarin fuka ba, shi ne abin tuhuma. Inda matsalar take shi ne ɗaukar sauƙin da majinyaci ya samu a matsayin tabbacin cewa an gano cutar. Rifamfisin yana cikin manyan magungunan burusela, haka ma siteraftomaisin da aka daɗe ana amfani da shi a kan tarin fuka. Mai burusela da aka ɗora kan maganin tarin fuka zai iya samun sauƙi na zahiri, likita da majinyaci duka su sakankance, alhali magani ɗaya ne tak daga cikin huɗun yake taɓa cutar, kuma magani ɗaya ba ya isarta.

Da muka duba shi, zafin jikinsa ya kai digiri 38.4, ya rame, shawarar idon ta fara washewa. Danna ƙasan gadon bayansa yana sa shi zabura, amma babu doro ko wani tudu a bayan, ƙarfin ƙafafunsa bai ragu ba, fitsari da bayan gida suna tafiya daidai. Saifarsa ta ɗan kumbura har ana jin bakinta a ƙarƙashin haƙarƙari. Ƙirjinsa lafiya lau a sauraro da kuma a hoto, bai taɓa yin tari mai tsawo ba, gwajin GeneXpert na kakinsa, wanda ke neman ƙwayar tarin fuka, bai nuna komai ba, kuma ba ya ɗauke da cutar ƙanjamau. Fararen ƙwayoyin jininsa ba su hau ba, suna kusa da iyakar ƙasa, jininsa ya ɗan yi ƙasa, ma'aunin kumburin jiki ya hau matsakaici. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kore tarin fukan ƙashi, domin da yawa daga masu shi huhunsu ba ya nuna komai. Amma babu kuma ɗaya da ke tabbatar da shi.

Abin da ya sauya alƙiblar binciken ya fito ne daga hira. A kowace takarda da ya zo da ita, a gurbin sana'a an rubuta ɗan kasuwa, daga nan ba a sake waiwayar rayuwarsa ba. Na tambaye shi, "Alhaji, akwai dabbobi a gida?" Ya ce, "Ai Likita, ba wasu dabbobi ba ne, 'yan awakin iyali ne a bayan ɗaki." Uwargidansa, wadda ke zaune a gefe, ita ce ta ƙarasa zancen. Ta ce wata biyu kafin ya kwanta, wata akuya da suka sayo da ciki daga kasuwar ƙauye ta yi ɓari da daddare, mabiyiyar ta ƙi fita, shi ne ya sa hannu ya ciro ta, ya kwashe 'ya'yan ya binne, ya wanke wurin. Babu safar hannu, kuma ba ta manta ba cewa a lokacin yana da yanka a yatsa daga almakashin shago. Ba da daɗewa ba wata akuyar ma ta zubar da nata cikin. Da na tambayi abin da yake sha, sai ya ambaci fura da nono kamar kowa, sannan ya ƙara da cewa ya ɗauki tsawon lokaci yana sayen nonon raƙumi a jarka yana sha ɗanye don ƙarin lafiya, domin masu sayarwa sun ce tafasa shi tana kashe maganin da ke cikinsa.

Saura tambaya ɗaya, wadda sai da na nemi Hajiya ta ɗan ba mu wuri kafin na yi ta. Ya sunkuyar da kai, ya ce a wata na biyu na rashin lafiyar ɗaya daga cikin marainansa ya kumbura, ya yi zafi har tafiya ta gagare shi, amma babu zafin fitsari, babu kuma wani ruwa da ke fita. Wani mai kemis ya ce ciwon sanyi ne, ya yi masa allurai ya ba shi kafso, kumburin ya sauka. Bai faɗa wa kowane likita ba saboda nauyin maganar, da kuma tsoron zargin da za ta jawo masa a gida alhali ya san bai aikata komai ba. Kumburin maraina ɓangare ɗaya sananne ne a burusela, yana daga cikin wuraren da cutar ta fi sauka a jikin maza bayan ƙashi da gaɓoɓi, kuma ina kyautata zaton mazan da ke ɓoye shi a garin nan ba kaɗan ba ne, saboda wannan dalili nasa.

Da aka jera waɗannan abubuwa, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, saifa, maraina, ƙugu, akuya mai ɓari da ɗanyen nono, sai suka zama labarin cuta guda. Burusela cutar dabbobi ce da ke tsallakowa zuwa mutum, makiyaya suna kiran ta bakkale, kuma sun san ta da ɓari da kumburin gwiwa a shanu. David Bruce ne ya fara ware ƙwayar a tsibirin Malta a 1887 daga saifar sojojin Birtaniya da zazzaɓin ya kashe, sannan a 1905 Themistocles Zammit ya gano cewa awakin tsibirin ne ke ɗauke da ita. Nau'in Brucella melitensis na awaki da tumaki, wanda ke kama raƙuma ma, shi ya fi tsanani a jikin mutum, Brucella abortus kuma na shanu ne. Ƙwayar tana da yawa ƙwarai a mabiyiya da ruwan haihuwa da ɗan da aka yi ɓarinsa, tana shiga ta yanka a fata ko ta ido ko ta numfashi, tana kuma fita a nono. Daga shigarta zuwa bayyanar alamu yawanci mako 2 zuwa 4 ne, amma yana iya kai watanni. Tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shi ne cinye ta, su kuwa su kai ta saifa da hanta da ɓargo, wannan ne ya sa take daɗewa, take kuma buƙatar magungunan da ke ratsawa cikin ƙwayoyin jiki.

Hoton MRI ya nuna ciwon yana tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙugu. Faifan guringuntsin da ke tsakaninsu ya lalace, kusurwar gaba ta saman ƙashin ƙasa ta zaizaye, akwai ɗan taruwar ruwa a gefe, amma ƙasusuwan suna tsaye da siffarsu, ba su rufta ba. Wannan zaizayar kusurwa ita ake kira alamar Pedro Pons, da sunan likitan Sifaniya da ya bayyana ta. Tarin fuka ya fi son tsakiyar baya da mahaɗar ƙirji da ƙugu, yana cin jikin ƙashin har ya rufta ya haifar da doro, yana tara mugunya mai yawa da ke bin gefen gadon baya, kuma sau da yawa yana ƙyale faifan sai daga baya. Burusela ta fi sauka a ƙugu, tana fara ɓarna daga bakin ƙashi da faifai, kuma ba kasafai take rushe ƙashin ba. Kama da wane ba ta wane, sai dai hoto shi kaɗai ba ya raba gardama, domin akwai masu tarin fukan ƙugu da hotonsu ke zuwa kusa da wannan.

A ɓangaren gwajin jini ne lamarin ya fi buƙatar natsuwa. Cikin takardunsa akwai sakamakon wani gwajin burusela da aka taɓa haɗawa da Widal, irin wanda ake ɗiga jini a kan gilashi daga kwalin gwaje-gwajen zazzaɓi, an rubuta babu. Ingancin irin waɗannan kwalaye ya sha bamban, don haka ba mu dogara da shi ba. Muka nemi gwajin Rose Bengal, wani gwajin jini na burusela, ya nuna akwai, a fili. Sannan muka nemi gwajin dunƙulewa na cikin kwalabe, wanda ake sirka ruwan jini mataki mataki, muka kuma rubuta wa ma'aikacin ɗakin gwajin cewa ya ci gaba da sirkawa ko da kwalaben farko ba su nuna komai ba. Haka kuwa aka yi: a 1:20 da 1:40 babu dunƙulewa, daga 1:80 ta bayyana, ta ci gaba har 1:640. Dalili shi ne idan sinadaran garkuwar da jiki ya haɗa a kan ƙwayar suka yi yawa ainun, sukan lulluɓe kowace ƙwaya ita kaɗai, su hana ta haɗuwa da 'yar'uwarta, sai gwajin ya fito kamar babu cuta, har sai an sirka jinin sun ragu. Da an tsaya a kwalba ta biyu, da wanda jininsa ya fi cika da shaida shi za a sallama a matsayin marar cutar.

Ma'aunin da aka saba karɓa shi ne 1:160 ko sama a wurin mai alamun cutar, wasu kuma sukan nemi 1:320 a yankunan da mutane ke yawan cuɗanya da dabbobi, saboda mahauci ko makiyayi na iya ɗauke da ragowar garkuwa daga tsohuwar haɗuwa. Gwajin yana iya ruɗuwa da wasu ƙwayoyi, kamar ta kwalara da Yersinia enterocolitica O:9, kuma ba ya kama Brucella canis ta karnuka. A ciwon da ya daɗe ƙwarai yana iya fitowa ƙasa, a nan ne ake komawa ga wasu gwaje-gwajen garkuwa, wato Coombs ko ELISA. Duk wannan ya sa ba a karanta lambar ita kaɗai, sai an ajiye ta kusa da labarin majinyaci.

Mun ɗebi jini don renon ƙwayar cuta, muka sanar da ɗakin gwajin abin da muke zargi tun kafin kwalaben su isa. Wannan sanarwa haƙƙi ne a wuyan likita, domin burusela tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji, kuma buɗe faranti a fili ko shinshina shi ya isa ya harbi mutum. Ita ƙwaya ce mai jinkirin tsiro, don haka muka nemi kada a zubar da kwalaben da wuri. Ba ta tsiro ba, abin da bai zo da mamaki ba ga wanda ya shafe watanni da ciwon, ya kuma sha siprofuloksasin da rifamfisin. Domin kada a bar tarin fuka a rataye, an ɗebo ɗan nama daga wurin ciwon da allura. GeneXpert bai ga ƙwayar tarin fuka a cikinsa ba, kuma a madubin likita an ga kumburi mai curi curi amma babu ruɓewar nan mai kama da cuku da aka san tarin fuka da ita. An kuma yi hoton zuciya, saboda kamuwar murafun zuciya, duk da ƙarancinta, ita ce ke jawo mafi yawan mace-macen burusela. Zuciyarsa lafiya take.

Hukuncinmu shi ne burusela ce da ta sauka a ƙashin ƙugu, bayan ta riga ta taɓa maraina, bisa labari da hoto da gwajin garkuwa, ba tare da an kama ƙwayar kanta ba. Wannan giɓi ya shafi zaɓin magani. Burusela marar rikitarwa ana yi mata doksisaikilin miligiram 100 sau biyu a rana na mako 6, haɗe da ko dai rifamfisin na tsawon wannan lokaci, ko allurar siteraftomaisin ta mako 2 zuwa 3, ko jentamaisin ta kwana 7 zuwa 10. Idan ta shiga ƙashin baya, ba a yin ƙasa da mako 12. Mun zaɓi doksisaikilin da jentamaisin, muka bar rifamfisin da siteraftomaisin da gangan. Dalili na farko hantarsa ce da ba ta gama farfaɗowa ba. Na biyu, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne waɗannan biyun da muka bari suna aiki a kan tarin fuka, don haka da mun ba shi su ya samu sauƙi, da mun sake faɗawa cikin duhun da aka fito da shi, kuma idan har akwai tarin fuka a ɓoye, ba shi rifamfisin ba tare da abokan tafiyarsa ba hanya ce ta koya wa ƙwayar bijire wa magani. Da wannan haɗin kuwa, warkewarsa za ta zama ƙarin shaida, rashin warkewa kuma zai mayar da mu kan tarin fuka ba tare da mun ɓata komai ba.

An riƙa duba ƙodarsa da jin kunnensa a kwanakin allurar. An ja masa kunne ya sha doksisaikilin da ruwa mai yawa, kada ya kwanta nan take, kada kuma ya haɗa shi da nono ko madara ko maganin gyambon ciki a lokaci guda, domin suna rage shigarsa jiki. Zazzaɓi da gumin dare sun ɗauke a cikin mako na biyu, cin abinci ya dawo. Ƙugun ya fi jinkiri, kamar yadda aka saba gani: sai wajen mako na shida ya fara salla a tsaye, yana sujada a hankali. Tun a lokacin ya so ya ajiye maganin, yana cewa ai ya warke, sai da aka zauna da shi da Hajiya aka bayyana musu cewa yanke magani da wuri shi ne babban abin da ke dawo da cutar, kuma ko da an kammala shi daidai, tana komowa ga kimanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Ya cika mako 12, ma'aunin kumburin jikinsa ya sauka daidai, bai sha ko ƙwaya ɗaya ta maganin tarin fuka ba a tsawon wannan lokaci.

Cutar ba kasafai take tashi daga mutum zuwa mutum ba, amma mutanen gida ɗaya tukunyarsu ɗaya ce, garkensu ma ɗaya, shi ya sa muka nemi a kawo iyalin. Ɗansa mai shekara 13, wanda shi ke ba awakin dusa da share makwancinsu, an same shi da ciwon gwiwa da zazzaɓin da aka yi ta yi wa maganin maleriya, gwajinsa ya nuna akwai, aka yi masa magani na mako 6. Da ƙaramin yaro ne ƙasa da shekara 8, ko mace mai ciki, da an kauce wa doksisaikilin an nemi wani haɗin, kamar kotirimoksazol da rifamfisin ga yara. An haɗa gidan da likitan dabbobi don a gwada awakin, aka kuma roƙe su kada su kai waɗanda suka yi ɓari kasuwa, domin ta wannan hanyar ce akuyar farko ta shigo musu. Dabbobi suna da rigakafi, S19 ga shanu da Rev.1 ga awaki da tumaki, amma mutum ba shi da shi, abin da yake da shi shi ne tafasa nono kowane iri, na raƙumi ma, da sa safar hannu ko leda mai kauri wajen taɓa ɓari da mabiyiya. Tsamin nono ba ya maye gurbin tafasawa.

An sallame shi a kan zai riƙa dawowa duba lafiya har shekara guda, domin mafi yawan komowar cutar tana faruwa ne a watanni 6 na farko bayan gama magani. An rubuta a katinsa cewa gwajin garkuwarsa zai iya ci gaba da nuna akwai na tsawon watanni ko fiye, don kada wani ya gan shi ya sake ɗora shi kan magani ba tare da alamu ba. Abin da za a bi shi ne jikinsa: dawowar zazzaɓi ko gumin dare, sabon ciwon gaɓa, kumburin maraina, ciwon kai mai naci ko raguwar ji, haki, ko sanyin ƙafa da riƙewar fitsari, wanda shi wannan na ƙarshe an gaya masa ba ya jiran ranar da aka ba shi.